Yadda ake gwada na'urar kwaikwayo da amfilifayar bawul ba tare da kunne ya yaudari mutum ba

Tambayar da makaɗan jita da masu situdiyo suke ta maimaitawa ita ce: shin na'urorin dijital masu kwaikwayon amfilifaya, irin su Line 6 Helix, Kemper, Fractal Axe-Fx da Quad Cortex, sun kamo amfilifayar bawul ta gaske, wato mai aiki da ƙananan kwalaben gilashi masu ƙara wa sauti ƙarfi, ko har yanzu da sauran tafiya? Gardama ba ta raba wannan rigima, sai gwaji. Matsalar ita ce yawancin gwajin da ake yi na son kai ne. A ƙure wa amfilifayar bawul ƙara har ƙirji yana amsawa, sannan a saurari na'urar dijital ta ɗan hedifon, a ce an gwada. Ga yadda ake yin sa bisa adalci. Za mu yi misali da amfilifayar bawul Fender Deluxe Reverb, mai wat 22 da sifika ɗaya mai inci 12, domin kusan kowace na'urar kwaikwayo tana ɗauke da kwafinta.

1. Fara sanin abin da kake gwadawa

Sautin jita na lantarki yana bi ta hannu huɗu: amfilifaya, sifika da akwatinta, makirufo, sai ɗakin da ake ciki. Idan ka tsaya gaban amfilifayar bawul, kana jin amfilifaya da sifika da ɗaki, babu makirufo. Na'urar kwaikwayo kuwa, yadda take fitowa daga kamfani, tana ba ka sautin amfilifaya da sifika kamar yadda makirufo ya ɗauko shi daga bakin sifikar, wato irin sautin da ake ji a waƙar da aka naɗa. Abu biyu ne daban, kuma a nan ne mafi yawan masu cewa "dijital ba ta da nauyi" suke zamewa.

Saboda haka gwajin kashi uku ne. Akwai na naɗi, inda duka biyun za su fito ta sifikun situdiyo ɗaya. Akwai na hannu, yadda kowace take amsa yatsun makaɗi. Akwai na fili, inda duka biyun za su motsa iska ta sifikar jita.

Ka kuma san irin na'urar da ke hannunka. Helix da Fractal suna lissafa yadda kayan cikin amfilifaya suke aiki ɗaya bayan ɗaya, don haka maɓallansu suna juyawa kusan kamar na asali. Kemper, ToneX da Neural Amp Modeler sun yi suna ne da ɗaukar hoton sautin amfilifaya guda a saiti guda. A wannan saitin suna kama da ita ƙwarai, amma da ka murɗa maɓalli ka yi nisa da inda aka ɗauka, kamar tana raguwa.

2. Tara kayan aiki

Kana bukatar jita mai sababbin tsirkiyoyi, amfilifayar bawul, na'urar kwaikwayo ko manhajarta a kwamfuta, da sawunkad, wato akwatin da ke shigar da sauti kwamfuta ya fitar da shi, mai ƙofar jita, wadda aka rubuta wa Inst ko Hi-Z. Sai makirufo Shure SM57 da sandarsa, manhajar naɗi irin REAPER, sifikun situdiyo biyu, da mitar auna wuta.

Abu biyu ne mutane suke tsallakewa. Na farko akwatin mayar da sauti, irin wanda kamfanin Radial yake yi, mai karɓar sauti daga sawunkad ya rage masa ƙarfi ya mai da shi kamar daga jita ya fito. Na biyu akwatin ɗaukar nauyi, irin Two Notes Torpedo Captor ko Suhr Reactive Load, mai tsayawa a madadin sifika ya shanye ƙarfin amfilifaya, ya ba ka sautinta ta wayar haɗi ba tare da ɗaki ya ɗauka ba. Na biyun ba dole ba ne, amma yana sauƙaƙa mataki na 6.

A kasuwannin Amurka da Turai, SM57 tana kusan dala 100, akwatin mayar da sauti tsakanin dala 100 da 200, akwatin ɗaukar nauyi daga dala 250 zuwa sama. Neural Amp Modeler kyauta ce. Da yake gwajin na yini ɗaya ne, aro ko hayar situdiyo mai kayan ya fi saye.

3. Wuta da haɗi, kafin a taɓa maɓalli

Juya bayan amfilifayar ka karanta abin da aka rubuta kusa da wayar wuta. Wadda aka yi don kasuwar Amurka tana cin bolt 120, alhali wutar Najeriya da Nijar da Gana tana tsakanin 220 da 240. Ka cusa ta kai tsaye, in ka yi sa'a fis ya tsinke, in ba ka yi ba taransifoma ta ƙone. Sai an sa mata taransifomar rage wuta, mai ƙarfin aƙalla ninki biyu na abin da aka rubuta tana ja. Kada wat 22 ɗin ya ruɗe ka, wannan abin da take bai wa sifika ne, abin da take ja daga bango ya ninka haka sau da yawa.

Auna wutar bango da mita a farkon gwaji da ƙarshensa. Amfilifayar bawul tana bin wutar da aka ba ta: wuta ta yi ƙasa, sauti ya yi laushi ya fara gurnani da wuri. Na'urar dijital ba ruwanta, yawancinsu suna karɓar bolt 100 zuwa 240. Idan a kan janareta kake, sa sitabilaiza, in ba haka ba wutar za ka gwada maimakon amfilifayar.

Gargaɗi, kuma shi ne mafi tsada a duk jagorar nan: kada ka taɓa kunna amfilifayar bawul kana tura mata sauti babu sifika ko akwatin ɗaukar nauyi a haɗe. Ƙarfin da bai sami inda zai tafi ba yana komawa ya huda naɗin taransifomar fita. Duba lambar om, 4 ko 8 ko 16, ta zama ɗaya a ɓangarorin biyu. Deluxe Reverb 8 take so. Tsakanin amfilifaya da sifika a sa wayar sifika mai kauri. Wayar jita kama take da ita a ido, amma zaren cikinta siriri ne, yana zafi ya narke.

Kada ka buɗe cikinta. Kafasitocin da ke ciki suna riƙe fiye da bolt 400, wani lokaci har bayan an zare ta daga bango.

Kunna Power, ka bar ta a Standby kamar minti ɗaya, sannan ka sake ta. Ba ta minti 15 zuwa 20 ta yi ɗumi kafin ka naɗi komai.

4. Naɗi busasshen sauti sau ɗaya

Babu makaɗin da zai kaɗa abu ɗaya sau biyu iri ɗaya, kuma duk wanda ya san ya koma kan amfilifayar da yake so, hannunsa yana ƙara daɗi ba tare da ya sani ba. Maganin shi ne a naɗi jitar zallanta sau ɗaya, a tura wannan naɗin cikin duka biyun.

Haɗa jita da ƙofar Inst. Saita manhaja a bit 24 da kilohaz 48. Kaɗa da iyakar ƙarfinka, ka daidaita maɓallin shiga har ƙololuwar sauti ta tsaya wajen desibel -12 zuwa -10 a mitar manhajar. Manna tef a kan maɓallin, domin ba za a sake taɓa shi ba.

Naɗi gajerun guntaye, kowane daƙiƙa 15 zuwa 20, saboda kunne ba ya riƙe kamannin sauti da daɗewa. A samu guntun da aka kaɗa tsirkiyoyi shida tare aka bar su suka mutu da kansu. A samu wanda ya fara da shafa a hankali ya hau zuwa duka mai ƙarfi. A samu na tsirkiya ɗai-ɗai da sauri, irin zubin makaɗan jitar Agadez, inda kowane bugu dole ya fito a rarrabe. Sai wanda aka danne tsirkiyoyi masu kauri da gefen tafin hannu, da wanda aka rage maɓallin ƙarar jita zuwa 5 ko 6. Na biyu da na ƙarshe su ne suka fi tona asirin na'ura mai rauni.

Kuskuren da aka fi yi: sa jita a ƙofar Line. Ƙofar jita tana da juriyar kusan om miliyan 1, ta Line ba ta kai ko kusa ba, sai ta shanye kaifin sautin tun daga tushe.

5. Tura naɗin cikin amfilifayar bawul

Daga mafitar sawunkad zuwa akwatin mayar da sauti, daga nan da wayar jita zuwa amfilifaya. Kafin ka haɗa da amfilifayar, daidaita ƙarfi: mayar da wayar da ta fito daga akwatin cikin ƙofar Inst ɗin nan mai tef, kunna naɗin, ka murɗa maɓallin akwatin har mita ta nuna daidai abin da ta nuna lokacin da jita ke ciki. Yanzu amfilifaya za ta ga ƙarfin da jitarka take bayarwa da gaske. Wanda ya tsallake wannan zai sami gurnani fiye ko ƙasa da na ainihi, ya ɗora laifin a kan abin da bai ji ba bai gani ba.

Idan ka ji gunji mai kauri da ba ya tsayawa, danna maɓallin Ground Lift da ke jikin akwatin. Kada ka cire ƙafar ƙasa ta filogin amfilifaya don kashe gunjin, ita ce ke tsakaninka da jan wuta ta tsirkiya.

Kashe Reverb da Vibrato. Yi saiti biyu: Volume a 3 don sauti mai tsabta, sai wajen 6 inda take gurnani, Treble 6, Bass 4. Ɗauki hoton maɓallan da waya.

Haska tocila ta ragar gaba ka gano tsakiyar sifika. Sa SM57 a daidai inda ƙaramar hular tsakiya ta haɗu da faifan, santimita 2 zuwa 3 daga raga, tana kallonta kai tsaye. Yi alama da tef a ragar da kuma ƙasa. Matsar da makirufo da faɗin yatsu biyu yana canza sauti fiye da bambancin da kake nema tsakanin bawul da dijital: zuwa tsakiya kaifi ya ƙaru, zuwa gefe ya dushe.

Wat 22 a Volume 6 cikin ƙaramin ɗaki tana iya haura desibel 100, kuma a wannan ƙara minti 15 ne iyakar abin da masana lafiyar ji suka yarda a rana. Toshe kunne, ko ka fita ka bar naɗin yana tafiya. Kunnen da ya gaji ba zai yi alƙalanci a mataki na 8 ba.

6. Saita na'urar kwaikwayo, kuma ka raba amfilifaya da sifika

Buɗe saiti fanko. Saitin kamfani cike yake da amsa-kuwwa da matse sauti don ya burge mai saye a kanti. Sa kwafin Deluxe Reverb kaɗai, da akwati mai sifika ɗaya inci 12, da makirufo 57 a wuri da nisan da ka sa na gaske. Kashe abin toshe shuuu, wato Noise Gate.

Deluxe Reverb ba ta da maɓallin Master, amma kwafinta a na'urori da yawa yana da shi. A Helix, ana kai Master ƙarshe sannan Drive ya tsaya a matsayin Volume na asali. Fara da lambobin da ke cikin hoton da ka ɗauka, sannan ka gyara da kunne. Ba lalle 6 ɗinka ta zo daidai da 6 ɗinsu ba, domin maɓallan amfilifaya suna iya sauka daga ƙimar da aka rubuta da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, kuma kamfanin ya auna tasu amfilifayar ce. Fara daidaita yawan gurnani, sannan kauri, kaifi a ƙarshe.

A manhajar kwamfuta, ƙarfin shiga shi ne tarkon. Kowane sawunkad da nasa ma'aunin, kowace manhaja da ƙarfin da take tsammani. Idan saitin da ya kamata ya fito da tsabta yana gurnani, rage Input na manhajar, kada ka taɓa Gain.

Ga inda akwatin ɗaukar nauyi yake biyan kuɗinsa. Kashe amfilifaya, zare wayar sifikarta daga baya, haɗa akwatin a gurbinta, ka sake naɗar guntayen ta mafitar Line. Kashe kwafin sifika a na'urar dijital, ka naɗe ta ita ma. Yanzu ɗora wa duka biyun fayil ɗaya na hoton sifika, wanda ake kira IR. Sifika ɗaya, makirufo ɗaya, ɗaki ya fita daga lissafi, saura amfilifaya da kwafinta. Kada ka firgita da sautin kafin a ɗora fayil ɗin, zai yi ƙara kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani. Sifikar jita tana zubar da kusan duk abin da ya haura haz 5,000 zuwa 6,000, kuma wannan tacewar ce take mai da gurnani abin saurare.

A gwaje-gwajen da aka yi da kyau, a nan ne tazarar take tsukewa sosai. Ra'ayina shi ne mafi yawan abin da ake kira "sautin bawul" a gardama, sautin sifika ne.

7. Daidaita ƙara

Wanda ya fi ƙara shi kunne yake zaɓa, ko da bambancin bai kai desibel 1 ba. Kunne ba ya cewa "wannan ya fi ƙara", cewa yake "wannan ya fi cika". Kada ka dogara da mitar ƙololuwa. Sa mitar LUFS, mai auna ƙara yadda kunne yake jin ta, irin Youlean Loudness Meter da ke da sigar kyauta, ka auna kowane guntu daga farko zuwa ƙarshe, ka daidaita su har tazarar ta koma 0.1 ko 0.2. Jera farkon guntayen su tashi tare.

8. Saurara ba tare da ka san wanne ne ba

Ka ba wani abokin aiki linzamin kwamfuta, ka juya wa allo baya. Ya kunna maka A, ya kunna B, sannan ya jefa kwabo ya kunna ɗaya daga ciki, kai kuma ka faɗi wanne ne. Ya rubuta shiru, kada ya gaya maka ko ka ci sai an gama. Manhajar foobar2000 tana da ƙarin da ke yin wannan aiki in babu mataimaki.

Yi zagaye 16. Wanda ya ci 12 ko fiye, da wuya a ce sa'a ce. Wanda ya ci 8 ko 9 kuwa canka yake yi, komai yawan rantsuwarsa. Huta minti 5 bayan zagaye 8.

Ga inda za ka kasa kunne. Wutsiyar sauti yayin da yake mutuwa: a amfilifayar bawul gurnani yana narkewa a hankali, a kwafi mai rauni sai ka ji wani ɗan tsatsa yana tafiya daban a saman sautin, ya yanke farat ɗaya. Sai lokacin duka mai ƙarfi, inda wutar cikin amfilifaya take ɗan durƙusawa ta sake miƙewa, sautin ya lotsa ya kumbura. Sai guntun da aka rage ƙarar jita: ya wanke ya koma tsabta da kaifinsa, ko ya dushe kawai?

Bayan haka sa ganga da bes a ƙarƙashi ka maimaita. Bambancin da aka ji a jita zalla sau da yawa yana nutsewa a nan. Gane wanne ne da fifita ɗaya tambayoyi biyu ne, rubuta amsar kowace daban.

9. Gwajin hannu

Naɗi ba ya nuna yadda abu yake a ƙarƙashin yatsu. Rataya jita, mataimaki ya riƙa sauya ka tsakanin biyun da maɓallin ƙafa na A/B, duka suna fitowa ta sifikun situdiyo a ƙara ɗaya, amfilifayar tana wani ɗaki ko a kan akwatin ɗaukar nauyi.

Kawar da jinkiri tukuna. Na'urorin ƙafa irin Helix suna jinkirta sauti da kashi 2 ko 3 cikin dubu na daƙiƙa, daidai da tsayawa mita ɗaya daga sifika, tunda sauti yana cin mita 343 a daƙiƙa. A kwamfuta sai ka sa Buffer, wato yawan sautin da kwamfuta take tarawa kafin ta sarrafa, a 64 ko 128, kuma a Windows ka yi amfani da direban ASIO na sawunkad ɗinka. In ka bar shi a 512, jinkirin zai haura kashi 20 cikin dubu na daƙiƙa a zuwa da dawowa, hannu ya ji kamar yana tafiya cikin taɓo, ka yanke wa manhajar hukuncin da ba nata ba.

10. Gwajin fili

Idan amfilifayar tana da ƙofar Return a baya, tura na'urar dijital ta nan bayan ka kashe kwafin sifika. Deluxe Reverb ba ta da ita, sai a haɗa na'urar da ƙaramar amfilifayar ƙarfi zuwa akwatin sifikar jita. Barin kwafin sifika a kunne alhali ana fita ta sifikar jita yana tace sauti sau biyu, ya fito a toshe. Ta sifikun taro kuwa dole a bar shi a kunne, a yanke ƙasa da haz 80 zuwa 100 da sama da 6,000 zuwa 8,000, domin ƙahon sifikar taro yana fito da kaifin da sifikar jita take ɓoyewa.

Saita a ƙarar da za a yi wasa da ita. Saitin da aka yi da dare a hedifon yakan fito da kauri da kaifi fiye da kima in an ƙure shi a fili, tsakiyarsa ta ɓace a bayan ganga.

11. Lissafin bayan saye

Deluxe Reverb tana da bawul tara: 6V6 biyu, 12AX7 huɗu, 12AT7 biyu, da 5AR4 ɗaya. Na ƙarfin, 6V6, su suke fara gajiya, ana sayensu biyu-biyu waɗanda aka auna suka dace, kuma bayan canji sai mai gyara ya daidaita wutar da suke ja. Masana'antun bawul kaɗan suka rage, akasari a Sulobakiya da Rasha da Sin, don haka kafin ka saya ka tabbata akwai inda za ka samo su da wanda ya iya aikin. Nauyin Deluxe Reverb kusan kilo 19, amfilifayar bawul Vox AC30 ta haura 30, HX Stomp kuwa, ƙaramar na'urar kwaikwayo ta Line 6, ba ta kai kilo ɗaya ba.

Ita ma dijital da nata kuɗin ɓoye: sifika mai kyau da za ka ji kanka da ita a dandamali, wadda farashinta kan kusanci na na'urar. In allonta ko ƙwaƙwalwarta ta mutu, ba kasafai ake gyarawa a gida ba, alhali amfilifayar bawul ta shekarun 1960 har yau mai gyara yana iya bin wayoyinta da mita. Kwafe saitunanka a kwamfuta, kuma kada ka sabunta manhajar na'ura a ranar wasa.